Gilashin Kaka Mai Ruwan Ɗorawa: A Bincika Kafin A Sayar

A ɗakunan tsofaffin mata na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, jere bai gama ɓacewa ba. Tsakanin tasoshi da fanteka akan ci karo da ɗan kofi ko faranti na gilashi mai ruwan ɗorawa, mai kauri da zane a jiki. Irin wannan kaya yakan ƙare a hannun dillali a kan kuɗin goro, ko a hannun yara su fasa. Duka biyun asara ce, domin abin da zai koyar da ɗalibi ya fi kuɗinsa.

Gilashin yakan faɗi shekarunsa ga mai lura. A Amurka aka ƙago injin danna narkakken gilashi cikin mazubin ƙarfe, a shekarun 1820, saboda haka duk kofin da ke da siririn kabu a gefe, inda ɓarayin mazubin suka haɗu, da wuya ya girmi wannan zamani. Launin kuma wata shaida ce. Martin Klaproth ya gano sinadarin yuraniyam a 1789, kuma a shekarun 1830 Riedel na Bohemiya ya shahara da rina gilashi da shi, har ya raɗa wa mai rawayar sunan Anna. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta riƙe yuraniyam don makamai, sana'ar ta tsaya can sai ƙarshen shekarun 1950.

Gwajin ba shi da tsada. A shiga ɗaki mai duhu da tocilan nan da 'yan kasuwa ke duba jabun kuɗi da ita. In akwai yuraniyam, gilashin zai yi ƙyalli kore shar. Sai dai ƙyallin sinadari kawai yake nunawa, ba shekara ba, tunda an ci gaba da yin irinsa daga baya. Dole a haɗa da zaizayar gindin kofin, da kuma bakin mai shi: auren wa aka kawo shi, a zamanin wane sarki? Wannan shaida ta ƙarshe ita ce ke bin tsohuwa kabari.

Wani zai ce, me ya kai yara wasa da yuraniyam a ƙasar da ta ga bala'in 2010? Tambayar tana da nauyi. A shekarar nan gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 'Yargalma da Dareta da wasu ƙauyuka. Amma dutsen zinariyar bai yi kisa yana kwance ba. Sai da aka daka shi aka niƙa a cikin gidaje, ƙurarsa ta shiga cikin yara. Yuraniyam ɗin gilashi kaɗan ne, yawanci bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, kuma a daskare yake. Abin gudu shi ne gogewa da niƙawa, musamman tsofaffin duwatsun ado masu rawaya, waɗanda da yawansu da sinadarin dalma aka rina su.

Ya kamata malamin kimiyya ya ari irin wannan kofi, ajinsa ya auna shi, ya zana shi, ya rubuta labarinsa a littafi, sannan a mayar wa mai shi tare da roƙon kada a sha da shi.