Manomin Dandume Shekaru Yake Saye

Daga 2009 zuwa yau, kason hasken rana da sabon sinadarin sola, perovskite, ke mayarwa lantarki ya tashi daga 3.8 cikin ɗari zuwa sama da 25. Sai dai manomin Dandume da ya sayar da masararsa don sayen faifan famfon noman rani, shekaru yake saye. Faifan silikon kan zo da garantin shekara 25. Perovskite kuwa laimar damina da zafin bazara na cinye shi. Ga dalma a cikinsa, gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Wajibi ne hukumar SON ta hana shi shiga kasuwa sai an rufe shi ruf tsakanin gilashi biyu, an liƙe gefunansa, an kuma gwada shi a ranar Katsina.