KUMBURIN MUƘAMUƘIN YARA: HAƊARIN KAI YARO GIDA KAFIN ASIBITI

Daga Wakilinmu

Tun shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki alkawarin cewa kafin 2030, a cikin kowane yara 100 masu ciwon daji a ceto 60. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 ke warkewa, alhali kuwa a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai 30 ba. Cikin cututtuka shida da hukumar ta sa a gaba akwai wanda ya shafi 'yan'uwanmu mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu ƙwarai, watau sankarar Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi ko ido ko cikin yaro.

Wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, shi ne ya fara bayyana cutar a Uganda cikin 1958. Da ya bi sawunta sai ya tarar ta fi yawa a ƙasashe masu zafi da ruwan sama, inda zazzaɓin cizon sauro ba ya yankewa rani da damina. To, kowa ya san haka Kurmi take. Cutar ta fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, kuma maza sun fi mata.

Ga yadda abin yake faruwa. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi, a cikin kowace ƙwaya kuma akwai zaren gado tagwaye 23, kowanne da lambarsa. A kan zare na 8 akwai wata ƙwayar gado da masana suka laƙaba wa suna MYC. Aikinta kamar na ɗan kamasho ne a tasha: idan saƙo ya zo cewa jiki na bukatar ƙari, sai ta umarci ƙwaya ta rabu biyu, in bukata ta biya kuma ta yi shiru. A cikin 1982 masu bincike a Amurka suka gano cewa a wannan cuta guntun zaren da ke ɗauke da MYC yakan tsinke ya liƙe, galibi a zare na 14, daura da wurin da ke sarrafa garkuwar jiki. Wannan wuri kuwa ba ya hutawa a ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, saboda haka MYC ma ba ta ƙara yin shiru, ƙwayoyin su yi ta haihuwa ba tsayawa.

Zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa shi ke tilasta wa ƙwayoyin nan yawan rabuwa har a sami kuskuren. Wata ƙwayar cuta kuma mai suna Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964, tana hana ɓatattun ƙwayoyin mutuwa. Ashe ke nan ba daga uwa ko uba aka gaji ɓarnar ba, ba sammu ba ne, kuma yaro ba ya shafa wa ɗan'uwansa sankarar.

Inda gizo ke saƙar shi ne sauri. Ƙarin yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Al'adarmu kuwa mu mazauna Kurmi, in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a ce a kai yaro gida a gwada na gargajiya. A fara cewa hangum ne ko ciwon haƙori, a je wurin mai kyamis, a jira kuɗin mota, a bi tirela zuwa Kano ko Sakkwato, a kai wa wanzami ya tsaga. Kafin a waiwayi asibiti wata guda ya wuce. Hangum yakan saɓe cikin mako ɗaya ko biyu. Amma kumburin da ke ƙaruwa kullum, haƙora na girgiɗi, ko ido na fitowa, ko ciki na tasowa, wannan na likita ne yau, ba gobe ba.

Abin farin ciki, saurin nan nasa shi ya sa yake jin magani. A nan Nijeriya ma aka tabbatar da haka, domin Farfesa Victor Ngu, wanda ya yi aiki a asibitin Jami'ar Ibadan, yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker tare da Burkitt a 1972 saboda warkar da yara da magani. Asibitocin koyarwa kuwa suna kusa da mu: na Jami'ar Nijeriya a Ituku-Ozalla kusa da Inugu, na Jami'ar Fatakwal, da na Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Nnewi ga mutanen Anaca.

Saura batun kuɗi, wanda ke sa iyaye su gudu da yaro bayan allurar farko da zarar kumburi ya saɓe, alhali cutar na nan kwance. A nan ne Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan shanu da 'yan gwari da limamanmu ke da aiki. Yadda ake karo-karon kai gawa gida, haka ya kamata a kafa asusun jinyar yara, a kuma naɗa mai jin Turanci ya riƙa raka iyaye asibiti.

Gwamnati ma da nata. Allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fara yi wa yara a Bayelsa da Kebbi a Disamba 2024 ya kamata ta game ƙasa, kuma ta iso unguwannin baƙi. Kafin nan, a sa yara cikin gidan sauro. Allah Ya raya mana zuriya.