Daga Ƙofar Doka Zuwa Samaru: Wa Ya Hana 'Ya'yan Birni Cafe Ƙwallo?

A ƙwallon Amurka akwai ɗan wasan da aikinsa shi ne ya zura da gudu, ya kufce wa mai tsaronsa, ya daka tsalle ya cafe ƙwallon da aka jefo masa daga nesa. Gudu ake nema a wurinsa, da idon da ba ya kuskure, da hannun da ba ya saki. Wanda ya taɓa tsayawa da la'asar a Kwarbai ko Anguwar Juma, ya ga yadda yara ke tsere ba takalmi, ya san birnin Zariya bai rasa irin waɗannan ƙafafu ba. Abin da ya rasa shi ne manyan da za su ɗauki lamarin da muhimmanci.

Misalin Nelson Agholor ya isa a duba. A Legas aka haife shi a 1993, iyayensa suka tafi da shi Amurka yana ƙarami. A 2015 ƙungiyar Philadelphia Eagles ta ɗauke shi, a watan Fabrairun 2018 kuma ya cafe ƙwallo sau tara a wasan ƙarshe na gasar NFL, wanda ƙungiyarsa ta lashe. A makaranta ya sami fili da mai horarwa tun yana yaro, shi ya sa baiwarsa ba ta salwanta ba.

Masu raina wasan suna cewa ƙofar NFL ƙunci gare ta, kuma gaskiyarsu ce: ƙungiyoyi 32 ne kacal, kuma 'yan wasan da ake zaɓa duk shekara ba su kai 300 ba. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda ba a zaɓa ba sukan tafi Kanada, ko Jamus, ko Japan, su yi wasa a biya su. Kuɗin bai kai na Amurka ba, shekarun wasan ma ba su da yawa, rauni ɗaya a gwiwa kan iya rufe littafin. Duk da haka, kiran mai irin wannan tafiya wanda ya gaza rashin adalci ne, kuma Zariya ce garin da bai kamata ya yi wannan kuskure ba.

A Zariya Masai Ujiri ya girma, a filin Jami'ar Ahmadu Bello ya koyi ƙwallon kwando a hannun Ba'amurken mai horarwa Oliver Johnson. Ya yi karatu a Amurka, ya shafe shekaru yana wasa a ƙananan ƙungiyoyin Turai, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba. Da mizanin masu raini aka auna shi, da an ce ya yi asarar ƙuruciya. Amma a wannan yawo ya san mutane, ya gane yadda ake zaƙulo gwani, har ya zama shugaban Toronto Raptors da ta ci kofin NBA a 2019. Gidauniyarsa ta Giants of Africa, wadda ya kafa a 2003, tana gina filaye tana horar da matasa a ƙasashen Afirka.

Abin takaicin shi ne duk wannan alheri a Samaru ya tsaya. Ko ƙwallon Amurka da ya shigo Nijeriya, a jami'ar ya sami ɗaya daga cikin gidajensa na farko, wato ƙungiyar ABU Titans. Daga Ƙofar Doka zuwa can tafiyar mota ce da ba ta kai sa'a guda ba, amma ga yaron da ke cikin ganuwa kamar wata ƙasa ce. A gida an ce masa wasa shiririta ne, a makaranta kuma darasin motsa jiki ya zama suna kawai a jadawali.

Wasu za su ce birnin malamai ne, ba na 'yan guje-guje ba. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Garin da ke alfahari da sukuwar dawaki ranar hawan Sallah ya daɗe da sanin darajar ƙarfin jiki. Ƙari a kan haka, a Amurka ta makaranta ake shiga wannan wasa, kuma wanda ya faɗi jarrabawa ba ya taka fili a jami'a. Iyayen da ke tsoron wasa zai raba ɗansu da littafi suna gudun abin da zai iya biya masa kuɗin karatu ne.

Kuma ba sai an sayi hular kwano da sulke ba. Akwai nau'in wasan da ba a karo a cikinsa, ƙyalle kawai ake fizgewa daga ƙugun mai riƙe da ƙwallo. Shi za a buga a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028, kuma Nijeriya ce ta lashe kofin Afirka na maza da na mata a Alƙahira a 2025. Fili, da ƙwallo, da ƙyallaye, da malami ɗaya sun wadatar. Makarantun birni irin su Alhudahuda suna da fili, jami'a tana da masu horarwa. Saura masu faɗa a ji na birni, da tsofaffin ɗalibai, da ƙaramar hukumar Zariya su haɗa su, ko da yammacin Asabar ɗaya ne a mako.