DAMO SARKIN HAƘURI: IN YARO YA KAWO SHI GIDA

A ƙasarmu in ka ce kana kiwon ƙadangare, dariya za a yi maka. Amma a Amurka da Ingila da Jamus mutane da yawa sukan sa kuɗinsu su sayi ƙadangaru, su ajiye su a ɗaka cikin akwatin gilashi, kamar yadda mu ke ajiye aku ko tantabara. Cikin waɗanda suka fi so akwai wani mai ƙayoyi a maƙogwaro kamar gemu, asalinsa daga Ostareliya. Damonmu na daji ma yana cikinsu, gama ana kwasar 'ya'yansa daga Gana da Togo da Jamhuriyar Benin ana kai su can. A nan gida kuwa yaranmu sukan kama ɗan damo ko hawainiya su sa a kwali, ba da jimawa ba ya mutu, ba wanda ya san dalili.

An ce damo sarkin haƙuri, gaskiya ne kuwa. Akuya in ba ta da lafiya takan yi kuka. Damo ba ya kuka, sai ya kwanta shiru har ciwon ya ci ƙarfinsa. Saboda haka wanda ya tsare shi, shi ne zai zama idonsa da bakinsa.

RANA DA INUWA

Ƙadangare ba ya ɗumama jikinsa da kansa kamar mu. Shi ya sa ka kan gan shi bisa katanga da safe yana shan hantsi. In bai sami zafi ba, abinci ba ya narkewa a cikinsa. Ban da zafi, cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda ke sa fata ta yi bitamin D, shi kuwa bitamin D shi ke taimakon jiki ya ɗauki kalshiyam, watau abin da ke gina ƙashi. Gilashin taga yana tare wannan haske. Ƙadangaren da ya rasa shi, muƙamuƙinsa kan yi laushi, ƙafafunsa su kumbura ko su karkace, ya riƙa makyarkyata, har ƙashi ya karye ba tare da ya faɗi ba. Wannan ciwo ya yi yawa ƙwarai cikin ƙadangarun da a ke kiwo a ɗaka, shi ya sa Turawa su ke sa musu fitila ta musamman.

Mu muna da rana kyauta, amma a kula. Kada a ajiye shi a rana cikin kwalba ko garwa ko rufaffen gilashi, zafi zai kashe shi nan da nan. A yi masa keji mai raga, gefe ɗaya rana, gefe ɗaya inuwa da wurin ɓuya, ya zaɓa da kansa. Da hunturu kuma a kāre shi daga sanyin dare. In ka ga kumfa a hancinsa, yana numfashi baki buɗe, ciwon huhu ne, sai likitan dabbobi.

ABINCI DA RUWA

Tuwo da shinkafa ba abincinsa ba ne. A daji damo yakan ci fara da gyare da buzuzu da dodon koɗi da ƙadandoniya, yawanci da damina, da rani kuwa ya ɓuya ya rage ci. A Turai wasu sukan cusa masa ɓeraye shekara duka, sai kitse ya cika shi, hantarsa ta lalace, ya mutu da ƙibarsa. A ba shi ƙwari, a barbaɗa musu garin ɓawon ƙwai dafaffe domin ƙashi. Kada a kamo ƙwari daga gonar da aka fesa wa magani. Hawainiya kuwa ba ta saba shan ruwan kasko ba, raɓa ta ke lasa a ganye, don haka a riƙa yayyafa wa ganyen kejinta ruwa.

SAƁA, BAKI DA KASKA

Ƙadangare yakan yi saɓa gutsure-gutsure. In wuri ya bushe da yawa, tsohuwar fata takan maƙale a yatsa ko ƙarshen wutsiya kamar zobe, ta hana jini wucewa, har yatsan ya mutu. A jiƙa shi cikin ruwan ɗumi mara zurfi, kada a fizge fatar. A duba bakinsa ko akwai kumburi ko mugunya, a duba hammata da gindin wutsiya ko akwai kaska. Kada a shafa masa maganin ƙumar kare, yana iya kashe shi.

LAFIYAR YARANMU

Iyaye, ga abin da ya fi duka muhimmanci. Ƙadangare mai ƙoshin lafiya yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa, ta fito cikin kashinsa, ta manne a fatarsa da kejinsa. Shi ba ta dame shi ba, amma ga mutum takan kawo zawo da zazzaɓi da murɗar ciki, ga jariri kuwa tana iya zama ajali. Saboda wannan cuta ce a shekarar 1975 Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru waɗanda ƙoƙon bayansu bai kai inci 4 ba. Hukumar lafiya ta can tana gargaɗi kada yaron da bai kai shekara 5 ba ya taɓa irin waɗannan dabbobi.

Don haka duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu. Kada keji ya kusanci madafa ko randa, kada a wanke kaskonsa inda a ke wanke kwanonin abinci. In yaro ya fara zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti, a kuma faɗa wa likita akwai ƙadangare a gidan.

In ɗanka ya shigo da damo, kada ka fara da bulala. Ka zaunar da shi ka tambaye shi: wa zai kamo fara kowace safiya, wa zai share keji, wa zai biya likita? In ba a sami amsa ba, ku tafi tare tun a ranar ku sake shi daidai inda aka kama shi. Wanda aka sayo daga wata ƙasa kam ba a sakinsa a daji, sai a nemi wanda ya iya riƙonsa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.