In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

Tun daga ranar 27 ga Agusta 1991 da aka fitar da Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, aikin gwamnati ya zama abin da ke ciyar da gidaje masu yawa a Birnin Kebbi. A nan unguwar Nasarawa da sauran unguwannin gari, har zuwa Argungu, da wuya ka shiga majami'ar da ba za ka tarar da malamin makaranta, ko ma'aikaciyar asibiti, ko ɗan sanda, ko akawu, ko magatakardan kotu a cikinta ba. Saboda haka in ana zancen cin hanci da rashawa a ofisoshi da kotuna, zancen mutanen da muke zama benci ɗaya da su ne ran Lahadi, masu karɓa da masu bayarwa da waɗanda aka zalunta duka. Abin da muke so mu faɗa a wannan shafi guda ɗaya ne. Hukumomi da dokoki ba za su iya tsare ma'aikaci ba muddin jama'ar da yake komawa cikinta da yamma tana yi wa ɓarawo kirari, tana kuma yi wa mai amana dariya.

Gwamnatoci sun sha gwadawa. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya sallami ma'aikata fiye da 10,000 a cikin 'yan watanni. A 1984 gwamnatin Janar Buhari da Idiagbon ta kawo Yaƙi da Rashin Ɗa'a. A ƙarshen 1993 gwamnatin Janar Abacha ta naɗa kwamitin Mai Shari'a Kayode Eso don ya binciki halin da kotuna ke ciki, kwamitin ya ba da shawarar a kori alƙalai 47, amma rahoton ya yi shekaru yana shan ƙura kafin a taɓa shi. Aka dawo mulkin farar hula aka kafa ICPC a 2000, aka kafa EFCC a 2003. To, ina aka kwana? Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2024 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun laifuffuka ya nuna cewa a shekarar 2023 kaɗai 'yan Nijeriya sun miƙa wa ma'aikatan gwamnati cin hancin tsabar kuɗi kimanin Naira biliyan 721. Rahoton ya ƙara da cewa in aka dubi yawan abin da ake miƙawa a karo ɗaya, na alƙalai da majistare ya fi na kowa nauyi, kimanin Naira 31,000. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga misali. Hukumar EFCC ta gurfanar da Muhammad Arzika Dakingari, wanda ya riƙe muƙamin Akanta-Janar na Jihar Kebbi a zamanin gwamnatin da ta yi mulki daga 2007 zuwa 2015, a kan kwangiloli na kimanin Naira biliyan 1.6 da hukumar ta ce an ba wani kamfanin gine-gine mai alaƙa da iyalinsa. Babbar Kotun jiha ta sallame shi. EFCC ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗauri. Akanta-Janar shi ne mai riƙe da mabuɗin rumbun jiha. Kuɗin da ke ratsawa ta hannunsa su ne kujerun da yaranmu za su zauna a kai a aji, su ne maganin asibiti, su ne albashin leburan da ke share titi.

Ga wani misalin da ya haɗa ma'aikaci da alƙali a shari'a ɗaya. John Yakubu Yusuf mataimakin darakta ne a ofishin fanshon 'yan sanda. A watan Janairu 2013 ya amsa laifinsa a gaban wata Babbar Kotu a Abuja a kan biliyoyin Naira na tsofaffin 'yan sanda. Mai Shari'a Abubakar Talba ya yanke masa ɗaurin shekara 2 ko tarar Naira 750,000. Ya biya, ya fita. Ƙasa ta ɗauki kuka, Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ta dakatar da alƙalin na wata 12. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mai da hukuncin shekara 6 tare da umarnin ya biya Naira biliyan 22.9, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a 2022. Shekara 9 ke nan kafin magana ta ƙare. Tsoffin 'yan sanda nawa ne suka kwanta dama a cikin waɗannan shekaru suna jiran haƙƙinsu?

Waɗannan su ne manyan da jaridu ke bugawa. Wanda ya fi cin talaka kuwa shi ne ƙaramin da ba ya shiga jarida, kuma makaminsa jinkiri ne. Ba kasafai ma'aikaci ke buɗe baki ya ce ka ba shi kaza ba. Sai dai ya ce fayil bai fito ba, maigida ya yi tafiya, ka dawo jibi. Ka dawo jibi a ce ka dawo mako mai zuwa, har ka gane da kanka cewa na goro ake jira. Ku ɗauki manomin shinkafa daga fadamar Argungu da ke rikicin iyakar gona da wani mai hali. Duk ranar da aka ɗage shari'a ya yi asarar kuɗin mota da na shaidu da wunin aiki, ga ruwan Rima ba ya jiran kowa. In aka ɗage sau biyar, sau shida, ko dai ya sayar da buhu ya nemi wanda zai ga magatakarda, ko ya bar gonar ya ce ya bar wa Allah. Ku ɗauki gwauruwar da mijinta ya yi wa gwamnati aiki shekara 30, tana yawo daga tebur zuwa tebur da takardu a leda don kuɗin sallamarsa. Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai. Masu karanta Ayyukan Manzanni sun san gwamna Filikus ya bar Bulus a tsare shekara biyu, yana ta kiransa hira, da begen za a kawo masa kuɗi.

Kada wani ya zauna a majami'a ya ce wannan ciwon na waɗansu ne. Jolly Nyame, wanda ya yi gwamnan Taraba daga 1999 zuwa 2007, Rabaran ne. A 2018 kotu ta same shi da laifi a kan kuɗin jiha fiye da Naira biliyan 1.6, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗaurin shekara 12 a 2020, sa'an nan aka yi masa afuwa a 2022 tare da Joshua Dariye na Filato. Haka kuma akwai Musulmi da Kirista da yawa a ofisoshin jihar nan da suka gama aiki hannunsu tas, suka koma gidan haya. Sunan da mutum ke amsawa ba ya hana hannunsa shiga baitulmali.

Yanzu sai mu zo kan daddawa. Ranar da yaro ya sami aikin gwamnati, dangi kan ɗauka an haƙa musu rijiya. Kuɗin makarantar ƙanne, kayan auren 'yar baffa, takin gonar gida, asibitin kaka, duk a wuyansa, kuma ba mai tambayar nawa ne albashinsa. In ya shekara biyar bai sa harsashin gini ba, sai a fara cewa ba shi da wayo, ko an sa shi a ma'aikata mai maiƙo ya tsaya yana barci. Wanda ya yi ritaya da tsohon babur, a bayan idonsa ana ce masa wawa. Wanda kuwa ya gina bene da albashin da bai isa sayen bulo dubu ba, shi ake kira babban baƙo ranar gidauniyar ginin majami'a, shi ake zaunarwa a kujerar gaba, a sanar da kyautarsa da lasifika, mata su yi guɗa. Matasa suna zaune a baya suna kallo, kuma darasin da suka ɗauka a wannan rana ya fi wa'azin shekara guda shiga zuciya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ikkilisiyar da aka yi wa rufi da kuɗin da ba a san asalinsu ba, bakin mai wa'azinta zai yi nauyi ranar da ya kamata ya tsawata.

Wani zai ce, Malam, albashin ne bai isa ba. Gaskiya ne, kuma ba mu raina wannan kuka ba. Mafi ƙarancin albashi da dokar ƙasa ta tsayar a 2024 Naira 70,000 ne, kowa kuma ya san abin da wannan zai iya saya a babbar kasuwar Birnin Kebbi. Gwamnatin da ke jinkirta albashi ko fansho ita ma tana tura ma'aikaci bakin rami, kuma wajibi ne a faɗa mata. Amma waɗanda suka kwashe biliyoyi ba yunwa ce ta kore su ba. A 2024 ɗin nan aka sa hannu a dokar da ta ƙara wa manyan alƙalai albashi da kashi 300 cikin ɗari, don haka hujjar talauci ta ragu a can sama. A ƙasa kuma, masinjan da ya karɓi Naira 2,000 a hannun gwauruwa ya karɓa ne daga wadda ta fi shi talauci. Sa'ad da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma, bai ce su bar aikinsu ba. Ya umarce su su tsaya ga abin da aka ƙayyade, su daina ƙwace da ƙazafi.

To, me ke hannunmu? Na fari, gidajenmu. Iyaye da dangi su sauƙaƙa wa ɗansu ma'aikaci kaya. Kafin a ɗora masa bukata a san abin da yake samu. Matar da ta ga mijinta ya shigo da abin da ya fi ƙarfin albashinsa tana da ikon tambaya, haka ma uba ga ɗansa.

Na biyu, majami'unmu. Dattawan ikkilisiya su daina auna kujera da nauyin aljihu. In ma'aikacin da ke bakin aiki ya kawo kyautar da ta ninka albashinsa na shekara, fasto da dattawa su kira shi gefe su tambaye shi cikin ƙauna. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Kuma kafin mu nemi gwamnati ta buɗe littafinta, ma'ajin ikkilisiya ya riƙa karanta lissafin baiko da zakka da kuɗin gini a gaban jama'a, da rasit. A kuma sa rana a karrama malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ta gama aiki ba tare da tabo ba, yara su ga irin wanda ake tashi tsaye dominsa.

Na uku, mu san ƙofofin da doka ta buɗe. Duk kuɗin da aka ce na gwamnati ne, a nemi rasit. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana karɓar ƙara a kan ma'aikacin da ya danne wa mutum haƙƙi, ba a biyan ko kwabo. Kuka a kan majistare ko ma'aikacin kotun jiha yana zuwa Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha, na alƙalin Babbar Kotu kuwa yana zuwa NJC a rubuce tare da takardar rantsuwa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa ikon rubuta wa ma'aikata ya nemi bayani, ta kuma ba ma'aikatar kwana 7 ta amsa. Tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa ma'aikacin gwamnati ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Sai dai a yi hattara. Ƙara tana bukatar rana da wuri da shaida. Wanda ya ɓata sunan ma'aikaci da jita-jita shi ma azzalumi ne.

Na huɗu, kada a bar mai rauni ya tafi shi kaɗai. Talaka ɗaya a bakin ofis abin wasa ne, amma in dattijon ikkilisiya ko shugabar zumuntar mata ta raka gwauruwa, aka rubuta ranar da aka zo da sunan teburin da fayil ya tsaya, sau da yawa fayil ɗin da ya ɓace yakan fito. A kowace ikkilisiya akwai tsohon ma'aikaci da ya san yadda takarda ke tafiya, a roƙe shi ya ba da sa'a biyu a mako don wannan hidima. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna shan irin wannan wahala a layi ɗaya da mu, kuma limamansu suna wa'azi a kan rashawa kamar yadda muke yi. Inda za a iya haɗa kai da su a unguwa, a haɗa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma 'yan'uwanmu da ke zaune a bayan tebur ko a kujerar shari'a, mun san matsin da kuke ciki, daga sama da daga gida. Mutumin da ke tsaye a gabanku da takarda wataƙila ya sayar da akuyarsa ne ya yi kuɗin mota. Ku sallame shi yau in aikinsa na yau ne. Allah ya ba ku ƙarfin riƙon amana, mu kuma ya ba mu zuciyar girmama wanda ya riƙe ta. Amin.