Rance ne ko Tallafi? Haƙƙin Ɗalibi da Haƙƙin da ke Kansa a Tsarin Lamunin Karatu

Shimfiɗa

Duk malamin da ke cuɗanya da ɗalibai a jami'o'inmu tun daga 2024 ya saba jin wata tambaya da suke yi wa juna a bakin azuzuwa: "Tallafi ya shigo kuwa?" Abin da suke nufi shi ne Naira 20,000 da Asusun Lamunin Karatu na Nijeriya, wanda aka fi sani da NELFUND, yake tura wa ɗalibi a wata domin ɗawainiyar kansa, baya ga kuɗin makaranta da asusun yake biyan jami'a kai-tsaye. A dokar da ta kafa asusun, wannan kuɗi bashi ne da za a biya, amma bakin jama'a ya riga ya raɗa masa wani suna. Ra'ayina shi ne, wannan sauyin suna yana da illa biyu: yana hana ɗalibi neman haƙƙinsa a yau, yana kuma shirya shi ga ƙin sauke haƙƙin da ke kansa gobe. Tunda kuwa daga kalma matsalar ta faro, manazarta Hausa suna da ta cewa.

Abin da doka ta tanada

Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a dokar farko ta lamunin karatu a watan Yuni na 2023, makonni kaɗan bayan janye tallafin man fetur, a shekarar da jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista. Waccan doka ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: sai kuɗin da ke shigo wa gidan su ɗalibi bai kai Naira 500,000 a shekara ba, sai kuma ya kawo masu tsaya masa. A watan Afrilu na 2024 aka soke ta, aka kafa sabuwa wadda ta cire waɗannan sharuɗɗa, ta kuma daina kama ɗa da laifin bashin mahaifinsa. A watan Mayu na shekarar aka buɗe shafin neman lamunin a intanet.

Ginshiƙan tsarin a fili suke. Babu kuɗin ruwa. Ba za a fara bin ɗalibi ba sai shekara biyu bayan ya kammala hidimar ƙasa. Idan ya sami aiki, za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa. Idan bai samu ba, yana iya neman a ɗaga masa ƙafa ta hanyar takardar rantsuwa. Idan ya rasu, an yafe. Wanda kuma ya yi wa asusun ƙarya ya aikata babban laifi da ke iya kai shi gidan yari. Jami'o'in Arewa, irin su Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero, suna sahun gaba wajen yawan masu nema. Ke nan maganar ta shafi ɗalibanmu da iyayensu kai-tsaye.

Kalmomin Bahaushe na bayarwa da karɓa

Bahaushe bai cakuɗa hanyoyin da dukiya ke bi daga hannu zuwa hannu ba. Aro shi ne ka karɓi abu ka yi amfani da shi ka mayar da shi kansa, kamar fartanya ko tsani. Rance shi ne ka karɓi abin da zai ƙare a hannunka, kamar kuɗi ko hatsi, ka mayar da kwatankwacinsa. Bashi shi ne nauyin da ya hau kanka bayan ka karɓa. Lamuni kuwa yarda ce: an ba ka bisa amincewa da kai, ko bisa tsayawar wani. Kyauta da sadaka da gudummawa ba a mayar da su, ko da yake gudummawar biki tana da ramuwa a al'ada. Tallafi ya fito daga tallafa, wato sa hannu a tare abin da zai faɗi, kuma da shi ake kiran riƙon yaron da ba kai ka haifa ba. Ba a taɓa jin ɗan tallafi ya girma an kawo masa lissafin tuwon da ya ci ba.

A shekarun nan kalmar tallafi ta ƙara ɗaukar wani kaya. Ita ce sunan rangwamen man fetur, ita ce kuma sunan shinkafa da taliya da ake rabawa don rage raɗaɗin janye shi. A kunnen mai sauraro a yau, tallafi abu ne da gwamnati ke jefowa, mai rabo ya cafe, ba a tambayar yadda aka raba, ba a kuma sa ran a mayar. Ɗalibin da ya sanya lamunin karatu cikin wannan rukuni ya ɗauki matsayin mai cin alfarma, alhali a doka matsayinsa na wanda aka ƙulla yarjejeniya da shi ne.

Kalmar da ta fi dacewa mu riƙe a wannan muhawara ita ce haƙƙi. Ingilishi yana da kalma guda ta abin da mutum ya cancanta, da wata daban ta abin da ya wajaba a kansa. Hausa ta haɗa su a kalma ɗaya da ta aro daga Larabci: muna cewa "a ba ni haƙƙina", muna kuma cewa "na sauke haƙƙin da ke kaina". Daga wannan tushe ne muka sami alhaki, wato abin da ke bin wanda ya ci haƙƙin wani. Harshen da kansa yana nuna cewa abin da kake bi da abin da ake bin ka igiya ɗaya ce mai baki biyu.

Haƙƙin ɗalibi

Mai cin bashi yana da haƙƙi a kan mai ba da bashi, kuma na farko shi ne ya san nawa ake bin sa. Kuɗin makaranta ba ya bi ta hannun ɗalibi. Daga asusu yake wucewa zuwa jami'a, amma da sunan ɗalibi ake rubuta shi. Saboda haka wajibi ne a sanar da shi ranar da aka biya da adadin da aka biya, a rubuce. A 2025 an yi ta ƙorafi a kafafen yaɗa labarai cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ba su sanar da ɗalibai ba, har hukumar ICPC ta shiga bincike. Ko me binciken ya tabbatar a kan kowace makaranta, darasin ɗaya ne: inda mai bashi bai ga takardar bashinsa ba, ƙofar cuta a buɗe take.

Na biyu, ɗalibin da ya riga ya biya kuɗin rajista daga aljihunsa kafin lamunin ya iso, dole a mayar masa da kuɗinsa cikin lokaci sananne. Sau da yawa wannan kuɗi akuyar uwa ce aka sayar, ko buhun masarar da aka ajiye don damina. Riƙe shi wata da watanni cin haƙƙi ne, ko da a ƙarshe an biya.

Na uku, kada a hana ɗalibi shiga jarrabawa ko rajistar darussa saboda jinkirin da ke tsakanin asusu da jami'a, tunda ba shi ya jawo shi ba. Na huɗu, a kiyaye sirrinsa. Ya ba da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa da bayanan bankinsa don a ba shi rance, bai bayar don a manna sunansa a allo a matsayin mabuƙaci ba. Na biyar, ya kasance akwai ofishin da aka sani, a cikin jami'a, inda zai kai kuka a saurare shi ba tare da tsoron abin da zai biyo baya ba.

Duk waɗannan ba sa samuwa sai an nema, kuma wanda ya ɗauka kyauta aka yi masa ba ya nema. Tarbiyyarmu ta koya mana cewa ba a ƙirga kyauta a gaban mai bayarwa. Wannan kunya abar yabo ce a muhallinta, amma a nan tana sa ɗalibi ya yi godiya a inda ya kamata ya nemi rasiɗi.

Haƙƙin da ke kan ɗalibi

Nauyi na farko shi ne gaskiya a lokacin nema. Cire sharaɗin samun kuɗin iyali ya buɗe ƙofa ga kowa, ya kuma mayar da awon buƙata hannun ɗalibi. Wanda gidansu ke iya ɗaukar nauyinsa, ko wanda jiharsa ta riga ta biya masa kuɗin makaranta, ya tambayi kansa dalilin da zai sa ya ɗora wa kansa bashi.

Na biyu shi ne lissafi. A ƙaddara ɗalibi ya kammala da bashin Naira miliyan 1. Idan albashinsa Naira 70,000 ne, wato mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024, za a riƙa cire Naira 7,000 a wata, biyan zai ɗauki kusan shekara 12. Idan albashin Naira 150,000 ne, zai ɗauki kimanin shekara biyar da rabi. Wannan ba abin firgita ba ne, amma ya kamata yaro ɗan shekara 19 ya san shi kafin ya danna amincewa a wayarsa.

Na uku shi ne karatun kansa. An ba da kuɗin ne don a zauna a aji a ci jarrabawa. Wanda aka kora saboda faɗuwa ko satar amsa ya fita ba digiri, bashin kuwa yana nan.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, shi ne biya. Nijeriya ta taɓa bin wannan hanya. A 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, an kafa hukumar ba ɗalibai rance. Da yawa daga waɗanda suka karɓa ba su biya ba, hukumar kuma ta kasa karɓowa. A 1993 aka kafa Bankin Ilimi don ya gaje ta, shi ma bai yi wani tasiri ba. Shekaru kusan 30 suka wuce kafin a sake gwadawa, kuma waɗanda suka ɗanɗana kuɗar wannan giɓi su ne 'ya'yan talakawan da suka zo daga baya. Dokar 2024 ta ware wa asusun kashi 1 cikin 100 na harajin da hukumar tara haraji ta tarayya ke tattarawa, amma asusun da ake ɗiba ba a mayarwa ba ya daɗewa. Duk wanda ya san adashi ya san cewa wanda ya kwasa ya daina zubi ba uwar adashi kaɗai ya cuta ba. Ya cuci wanda ɗaukarsa ke ƙarshe. A nan, mai ɗaukar ƙarshe ƙanin ɗalibin ne da yake firamare yanzu.

Hujjar masu suka

Akwai masu ganin cewa tun asali bai kamata a ba ɗalibi rance ba. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta daɗe a kan cewa kyauta ya kamata a bayar, a kuma wadata jami'o'i da kuɗi. Suna da madogara: sashe na 18 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati burin samar da ilimin jami'a kyauta idan hali ya yi. Suna kuma tuna cewa da yawa daga masu tsara wannan lamuni sun yi karatu a zamanin da ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci ya tayar da zanga-zangar 1978, wadda aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Ga kuma tambayar da ba ta da amsa mai sauƙi: da wane aiki za a biya?

Ban raina wannan hujja ba, kuma ina ganin lamuni bai kamata ya zama uzurin ƙara kuɗin makaranta ko janye hannun gwamnati ba. Sai dai wurin wannan gwagwarmaya shi ne majalisa da teburin tattaunawa da akwatin zaɓe. Wanda ya sa hannu ya karɓa a matsayin rance, sannan ya ƙudurta a ransa cewa rabonsa ne na arzikin ƙasa, bai hukunta waɗanda suka ci arzikin ba, na bayansa ya hukunta. Bugu da ƙari, akwai rangwame na gaske a cikin tsarin: bashin da ba ruwa a ƙasar da darajar Naira ke zaizayewa, abin da za a mayar bayan shekara 10 bai kai ƙimar abin da aka karɓa ba. Wannan shi ne tallafin da ke ciki, kuma ya isa a kira shi da sunansa ba tare da an shafe sunan uwar kuɗin ba.

Aikin da ya rage wa manazarta Hausa

Ana cike takardun lamunin da Ingilishi, iyaye da yawa kuwa da Hausa suke jin labarinsa a rediyo. Tsakanin takardar da rediyon ne ma'ana ke zubewa. Sassan Hausa na jami'o'inmu da cibiyoyin nazarin harsuna, waɗanda suka daɗe suna aikin fassara da daidaita kalmomin fannu, za su iya yin abu uku. Su fassara muhimman sassan dokar da Hausar da uba a ƙauye zai fahimta, a boko da ajami. Su zauna da gidajen rediyo a tsayar da kalmomi: rance ko lamuni ga abin da za a biya, tallafi ga sikolashif ɗin jihohi da na masu hannu da shuni wanda ba a mayarwa. Su kuma shigar da bayanin cikin makon wayar da kan sababbin ɗalibai. Al'ummar da ta san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take magana ba za ta ga baƙon abu a wannan kira ba.

Naɗewa

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa; cin sa ba abin kunya ba ne, musamman don neman ilimi. Abin da nake roƙo shi ne mu daina sakaya sunansa. Ɗalibin da ya san rance ya ci zai tambayi jami'a ranar da aka biya, zai nemi a mayar masa da abin da ya wuce, zai lissafa kafin ya ƙara karɓa, zai kuma san cewa akwai ranar biya. Idan muka ji ɗalibi ya ce tallafi ya shigo, gyara masa kalmar yana cikin aikinmu na malaman harshe, kamar yadda muke gyara masa ɗauri da karin sauti.