Targaɗe ba abin rainawa ba ne

Mu mazauna Agege ƙafa ce jarinmu, musamman masu dako. Amma in mutum ya yi targaɗe a idon sawu, sai a ja ƙafar, a gasa da ruwan zafi, gobe ya koma aiki. A ganina ganganci ne. Kwana 2 na farko ƙanƙara ake sawa, a ɗaure da bandeji, a ɗaga ƙafar. Wanda ya kasa taku 4 ya je a yi masa hoto, ga asibitin ƙashi na Igbobi. In kumburi ya saɓe, a riƙa gwada tsayuwa kan ƙafar kullum, don jijiyar da ba ta yi ƙwari ba sake gurɗewa take yi. Allah ya ba mu lafiya.